Borin Jini Mai Naci

 Yau maganarmu a kan borin jini ce, watau ƙaiƙayin nan da kan taso wa mutum farat ɗaya, fatarsa ta yi tudu-tudu kamar an zane shi da tsumagiya, sa'an nan bayan 'yan awoyi ya duba ya ga babu ko alama. Ba baƙon abu ba ne. Likitoci sun ƙiyasta cikin mutum 5, ɗaya zai gamu da shi a rayuwarsa. Yawanci kwana biyu ne ko mako guda ya wuce, a manta da shi. Amma akwai mai naci, wanda ya ke fitowa kusan kullum har ya haura mako 6. Wajen mutum 1 cikin 100 ke fama da wannan, mata sun ninka maza, galibi kuwa 'yan shekara 20 zuwa 40. Shi za mu duba yau.

Da fari dai ka tabbata shi ne. Tudun borin jini yana da ƙaiƙayi ƙwarai, wani kamar ƙwayar wake, wani ya kai faɗin tafin hannu. Ba ya yini ya kwana wuri ɗaya, kafin awa 24 ya ɓace, wani ya fito can wani gefe, ba ya kuma barin tabo. Littattafan Turawa suna cewa ja ne. A fatarsu ke nan. A baƙar fata sau da yawa ba a ganin jan, sai dai tudun, wanda in ka shafa za ka ji shi da ɗumi. Kusan rabin masu ciwon kuma leɓe ko fatar ido ko hannu kan kumbura musu, wannan kumburi kuwa ya kan kai kwana 2 ko 3 kafin ya sace. Ƙazuwa dabam ta ke, ita tsakanin yatsu ta ke zama, ta bi mutanen gida duka. Borin jini ba a ɗaukarsa. Ko tabarma ɗaya ku ke kwana, ko ƙwarya ɗaya ku ke sha, ba zai tsallaka ba. Na faɗi wannan tun da wuri domin akwai matan da a ke ware wa kwano a gidan miji saboda shi, wannan kuwa zalunci ne kawai.

Masu zuwa ɗakin shan magani da wannan ciwo kusan maganarsu ɗaya ce. Malam, na bar kifi, na bar ƙwai, na bar gyaɗa da nono, har nama na bari, amma bai bar ni ba. To, dalilin da ya sa bai bar ka ba yana cikin fatarka. Ka saurara da kyau.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. A cikinsu akwai wani iri da a ke haifa cikin ɓargo, su bi jini, su je su zauna cikin fata da hanci da huhu da hanji, watau duk ƙofofin da abin waje zai iya shigowa. Sun fi son zama gefen ƙananan jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Mu kira su 'yan gadi. Wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ya fara bayyana su a 1878, yana da shekara 24. Da ya zuba musu rini ya duba, sai ya gan su cike maƙil da wasu ƙullaye, ya zaci abinci ne suka ci suka ƙoshi, ya sa musu suna mast, wadda a Jamusanci ta ke nufin kiwon turka, irin na ragon Salla. Sunan ya zauna har yau, amma ƙullayen nan ba abinci ba ne, makamai ne. Kowane ɗan gadi yana riƙe da ɗaruruwansu, babban abin da ke ciki kuwa shi a ke kira histamin. Henry Dale da abokin aikinsa Laidlaw suka nuna aikin histamin a jiki a Landan a 1910, amma sai 1953 Riley da West, a garin Dundee na ƙasar Sikotilan, suka gano cewa cikin 'yan gadin nan a ke ajiye shi.

In ɗan gadi ya kwance ƙullayensa, abu uku ke faruwa cikin 'yan mintoci. Ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, jini ya ƙaru a wurin, shi ne ɗumin da ka ke ji. Sa'an nan bangon jijiyar, wanda aka jera shi da ƙwayoyi gefe da gefe kamar tubali, sai ƙwayoyin su takure, 'yan kafofi su buɗe tsakaninsu, ruwan jini ya tsiyayo cikin fata. Ruwan nan shi ne tudun. Ba mugunya ba ce, ba dauɗa ba ce, ruwan jikinka ne mai kyau ya fito inda ba wurinsa ba. Na uku, histamin ya taɓa jijiyoyin ji, su kai labari ga ƙwaƙwalwa, labarin kuwa shi ne ƙaiƙayi. Jiki ba ya barin histamin ya daɗe, nan da nan ya ke lalata shi, ruwan kuma ya koma ta magudanansa. Shi ya sa tudun ke ɓacewa ba tabo. In abin ya faru can ƙasan fata, wurin da nama ya ke sako-sako kamar leɓe da fatar ido, ruwan ya fi yawa, ya fi daɗewa. Shi kuwa ɗan gadin ba ya mutuwa don ya yi harbi. Sai ya zauna ya sake ɗura ƙullayensa.

Kada ka ce ashe 'yan gadin nan mugaye ne. Suna taimakon jiki wajen korar tsutsar ciki, an kuma gwada a jikin ɓeraye an ga suna rage ƙarfin dafin maciji da na zuma. Magana ita ce, wa ke ba su iznin harbi?

Ga yadda abin ya ke. Jini yana ƙera wasu 'yan rahoto, kowanne da irin maƙiyin da ya sani. Iri ɗaya daga cikinsu sunansa IgE. Wani miji da mata 'yan Japan, Ishizaka, masu aiki a Amurka, da wasu masana biyu a Suwidin, Johansson da Bennich, su suka gano shi wajen 1966 da 1967. Siffarsa kamar gwafa ce, kai biyu gindi ɗaya. A bayan kowane ɗan gadi akwai guraba dubbai, gwafar nan sai ta kafa gindinta cikin gurbi, kanta yana sama tana jira. Ka san yadda a ke kafa rumfa: gwafa nan, gwafa can, ba abin da ya haɗa su sai an ɗora itace a kai. To, muddin kowace gwafa tana tsaye ita kaɗai, ɗan gadi barci ya ke yi. Amma da zarar wani abu ya zo ya hau kan gwafa biyu ya haɗa su, gurabansu sun matso juna ke nan, sai saƙo ya shiga ciki. Wannan ya taɓa wancan, wancan ya ta da na gaba, kamar yadda a ke miƙa tubali daga hannu zuwa hannu wurin gini, har ƙullayen su taso su manne da bangon ƙwayar su fashe waje. Bayan wannan kuma ɗan gadin ya kan ƙera wasu abubuwa sababbi waɗanda ba histamin ba, masu ƙara kumburi, masu kiran wasu ƙwayoyin jini su zo taimako. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa wajen maganar magani.

Ga mutumin da gyaɗa ko kifi ba su karɓe shi ba, itacen da ke hawa gwafar daga abincin ya ke zuwa. Irin wannan ba ya ɓuya. Yana ci, kafin awa 2 ya fito, galibi ma cikin mintoci, duk ranar da ya ci haka ne, ranar da bai ci ba kuwa lafiya lau. Wannan mutum lalle ya bar abincin.

Amma mai nacin nan ba haka ya ke ba. Ya kan tashe ka tsakar dare, ya kan fito ranar da ka yini ba ka sa kome a baki ba. Ga da yawa daga masu shi, itacen a cikin gida a ke sassaƙa shi. Wani jikinsa ya ƙera gwafar da ta ɗauki wani abu na jikin kansa maƙiyi, abin kuwa kullum yana nan, don haka kullum a cikin harbi a ke. Wani kuma jininsa ya ƙera wasu 'yan rahoto na dabam, waɗanda a ke kira IgG, su kuwa sai su je su kama gwafar ita kanta, ko su kama guraban kai tsaye su haɗa su, ba tare da wani abu ya shigo daga waje ba. Yadda aka gane wannan abin sha'awa ne. A 1986 wani likitan fata a Ingila, Grattan, da abokan aikinsa, suka ɗebi jinin masu ciwon, suka tace ruwansa, suka yi wa kowane mutum allurar ruwan jininsa a ƙarƙashin fatarsa. Ga wasu sai tudu ya taso nan take a wurin. A 1993 masana a Landan suka nuna ainihin 'yan rahoton da ke kama guraban. Ashe kakanninmu da suka sa masa suna borin jini ba su yi nisa da gaskiya ba, akwai abin da ke yawo cikin jinin. Sai dai ƙahon wanzami ba ya fid da shi, tsaga ba ta fid da shi, maganin wankin ciki ma haka, gama jiki sabo ya ke ƙerawa kowace rana. Masu irin wannan kuma sau da yawa a kan tarar jikinsu yana faɗa da halittar nan ta wuya wadda in ta kumbura mu ke cewa maƙoƙo, shi ya sa likita ya kan so ya auna jini domin ta.

Saboda haka ba kishiya ba ce ta yi miki sammu, ba kuma miyar maƙwabta ba ce. Mace mai goyo da ta bar ƙwai da nono da wake da kifi wata da watanni, kanta ta cuta da ɗanta, tudun kuwa yana nan. In kana zargin wani abinci, ka bar shi shi kaɗai mako 3. In ba ka ga bambanci ba, ka koma wa abinka.

Akwai dai abubuwan da ke zuga 'yan gadin da suka riga suka zama masu saurin hannu. Zafin rana, ɗaurin zane ko tazuge mai matsewa, mura da zazzaɓi, ɓacin rai da rashin barci. Babba a cikinsu kuwa maganin ciwon jiki ne irin su asfirin da ibufurofin da dikilofenak. Wajen mutum 1 cikin 4 na masu ciwon, waɗannan suna tayar musu da shi. Manomi ya dawo gona jiki ya yi tsami, ya sayi haɗin ƙwayoyi wurin mai talla, dare ya yi ya kasa barci don susa, bai san cikin haɗin nan abin ya ke ba. Farasitamol ya fi dacewa da kai. A ƙasarmu kuma, inda tsutsar ciki ta yi yawa, daidai ne a duba bayan gida, in an same ta a kashe ta.

Wasu kuwa nasu ba ya fitowa sai an tsokane shi. Akwai wanda in ka ja tsinke a bayansa, cikin minti 5 layin zai taso, har ka iya rubuta sunansa. Akwai mai fito da ƙananan ƙuraje kamar gero da zarar ya yi gumi. Akwai wanda wurin da igiyar kaya ta danne shi ke kumbura bayan awoyi. Akwai kuma na sanyi, wanda wankan asuba lokacin hunturu ke tayar wa. Wannan na ƙarshe ina gargaɗinsa ƙwarai, kada ya faɗa rafi ko kududdufi mai sanyi, domin 'yan gadin jikinsa duka za su iya yin harbi lokaci guda, ya suma cikin ruwa.

Yanzu sai magani. Histamin ba ya aiki sai ya sami mazauni a jikin jijiyar jini da jijiyar ji, kamar mabuɗi da kwaɗo. A Faransa aka fara samo maganin da ke toshe wannan mazauni, a 1937, aka fara ba mutane irinsa a 1942. Ka lura fa, maganin bai hana ɗan gadi harbi ba. Abin da ya yi shi ne ya riga histamin zama, in ya zo ya tarar babu wuri. Daga nan za ka gane kuskuren da yawancin mutane ke yi. Sai tudu ya fito, ruwa ya riga ya tsiyaya, sa'an nan su haɗiyi ƙwaya, su ce ba ta aiki. Wanda ya toshe rariya bayan ruwa ya cika ɗaki, ai sai ya jira ya bushe. Mai borin jini mai naci kullum zai sha, lokaci ɗaya, da ranar da ya fito da ranar da bai fito ba.

Piriton kowa ya san shi, yana da araha, amma tsohon iri ne mai shiga ƙwaƙwalwa. Yana sa barci, ƙarfinsa kan ƙaiƙayi ya kan ƙare cikin 'yan awoyi, nauyin kai kuwa ya kai gobe. Direba da ɗan acaɓa da mai injin niƙa da ɗan makaranta, bai dace su riƙa shansa kullum ba. A ganina an daɗe ana ba shi girman da ya wuce nasa. Sababbin iri, irin su setirizin da loratadin, waɗanda suka fito wajen ƙarshen shekarun 1980, ƙwaya ɗaya mai miligiram 10 ta isa babba yini da kwana, barcinsu kuma kaɗan ne, ko da ya ke setirizin ya kan sa wasu gyangyaɗi. In an yi mako 2 zuwa 4 abin bai lafa ba, likita yana da ikon ƙara shi har ninki 4. Likita na ce, ba kai ba, ba kuma mai kemis ba. Yaro da mai ciki da mai goyo da mai ciwon ƙoda, a faɗa wa malamin asibiti tukuna ya zaɓa musu.

Ga inda na ke so ku buɗe kunne. Akwai magunguna irin su deksametazon da firednisolon, ƙwaya ko allura. Suna kwantar da borin jini kamar an zuba wa wuta ruwa, shi ya sa mutane ke son su. Likita ya kan ba da su na 'yan kwanaki in abin ya yi tsanani, ba ya wuce kwana 10. Amma mutum ya ga daɗi, ya koma kemis da kansa, wata 3, wata 6. Sai fuska ta yi fam kamar faifai, 'yan uwa su ce ya yi ƙiba, alhali ciwon sukari ne ke tafe, da hawan jini, da raunin ƙashi, da yanar ido, jiki kuma ya kasa faɗa da cututtuka. Ranar da ya bari kuwa tudun ya dawo fiye da da. Borin jini mai naci yana hana barci, yana hana aiki, amma da wuya ƙwarai ya yi kisa. Waɗannan ƙwayoyi in aka daɗe a kansu suna iya yi. Wanda ya riga ya yi makonni yana sha kada ya yanke rana ɗaya, wannan ma hatsari ne. Ya zo a rage masa kaɗan kaɗan.

Na ce ka riƙe maganar abubuwan da ɗan gadi ke ƙerawa ban da histamin. Su ne dalilin da ya sa wasu ko an ninka musu ƙwaya ba sa samun sauƙi sosai. Irin waɗannan sai a tura su babban asibiti wurin likitan fata. Tun 2014 aka yarda da wata allura a Turai da Amurka, omalizumab, wadda a ke yi sau ɗaya cikin mako 4. Ita aikinta ta kama gwafar nan tun tana yawo cikin jini, kafin ta kafu, guraban da ke bayan ɗan gadi kuma su ragu. Tana aiki ga mutane da yawa, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Akwai kuma sikulosforin, wanda sai ana auna jini da ƙoda a kai a kai. Abin da zai kwantar maka da rai shi ne, ciwon nan ya kan gaji. Ga mutane da yawa ya kan kwanta da kansa cikin shekara 1 zuwa 5, wasu ya fi haka. In ka yi watanni ba ka ga tudu ba, malamin asibiti zai rage maka ƙwaya a hankali a gani ko ya tafi.

Kafin nan, ka sa tufa mai sakewa ta auduga, ka yanke farce, ka kwana inda iska ke shiga. Tsumma mai ruwan randa a kan wurin yana rage ƙaiƙayi, sai fa ga mai irin na sanyi. Susa tana ƙara ta da 'yan gadi, ka danna da tafin hannu ya fi.

Akwai lokacin da ba a jiran gari ya waye. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya, ko mutum ya ji jiri zai faɗi, musamman bayan harbin zuma ko allura ko wani abinci, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Allurar adiranalin ce maganinsa, Piriton ba ya tsai da wannan. Haka kuma mai shan maganin hawan jini irin wanda sunansa a jikin kwali ya ƙare da haruffan pril, kamar lisinofiril, in leɓensa ko harshensa ya kumbura ba tudu ba ƙaiƙayi, wannan ba aikin histamin ba ne, maganin ne, ya kuma fi samun baƙar fata. Kada ya ƙara sha, ya je a sake masa wani a ranar.

In za ka zo ɗakin shan magani, ka sani tudun ba zai jira layi ba, sau da yawa kafin a kira ka ya ɓace. Saboda haka ka sa a ɗauki hotonsa da waya in akwai. Ka sami biro ka kewaye tudu ɗaya, ka duba shi gobe war haka. In yana nan cikin da'irar bayan awa 24, ko yana zafi fiye da ƙaiƙayi, ko ya bar baƙin tabo, ko kana zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka faɗa, domin wannan wani ciwo ne dabam, na jijiyoyin jini, aikin likita ne. Ka ƙirga kwana nawa cikin mako ya ke fitowa, da dare nawa ya hana ka barci. Ka kuma zo da kwalayen duk abin da ka ke sha, na asibiti da na kemis da na mai talla, har da jiƙo da garin magani na gida.